Garba Mai Katifa Ya Zaɓi Dizil

In dai zancen mota ne, a layinmu na Mubi ba a rufe shi sai na iso. Ni ne Garba Mai Katifa. Katifa nake sayarwa, gaskiya ne, amma Allah Ya ba ni kunne. Mota ta wuce a titi ina cikin shago, ba sai na ɗaga kai ba, zan gaya maka shekarunta da ciwon da ke damunta. Da yake ba wanda ya taɓa bin motar ya tsayar da ita ya duba, ba a taɓa kama ni da kuskure ba. In ka tambayi inda na yi karatun, to duk tafiyar da na yi zuwa Gusau, garin iyayena, a gidan gaba na zauna kusa da direba. Wanda ya zauna a baya ai fasinja ne kawai.

Da ciniki ya ɗan buɗe, sai na gaji da ɗaura katifa a saman keke napep tana kaɗawa a iska. Na yanke shawarar sayen ƙaramar akori-kura. Tambaya ɗaya ta rage: ta fetur ko ta dizil?

Matata Saude ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba ta ce, "Malam, daga shago zuwa Lokuwa, daga Lokuwa zuwa gida, tafiyarka ke nan. Katifa kuwa ko ni da hannu ɗaya nake ɗaga ta. Sayi ta fetur ka huta."

Maƙwabcina Zacharia, da muke kira Baban Beauty, kafinta ne ɗan ƙauyen Duvu, katanga ɗaya ta raba mu tun 'ya'yanmu suna rarrafe. Shi ma ya leƙo ya sa baki da Hausarsa ta Mubi: "Malam Garba, maganar madam yana kan hanya fa. Dizil ya fi fetur tsada yanzu, makanikensa kuma ba ko'ina ba."

Na yi musu dariyar tausayi. Na ce, "Baban Beauty, kai da ƙusa da guduma ka sani. Motar fetur raguwa ce, sai an kunna mata wuta da fulogi kafin ta motsa. Dizil kuwa ba ruwansa da fulogi, zuciya ce zalla. Ka taɓa ganin tirela tana shan fetur?"

Saude ta ce, "Ka taɓa ganin tirela tana ɗaukar katifa ɗaya?"

Ba kowace magana namiji ke tankawa ba.

Shafi'u dillali ya kai ni wani fili bayan tasha ya nuna mini akori-kura biyu. Ta farko fara ce tas, ta fetur, aka kunna ta ko tari ba ta yi ba. Na ce wannan ai keken ɗinki ne. Ta biyu shuɗiya, gilashin baya babu, amma a murfin tankinta an rubuta dizil da jan fenti, baro-baro. Zuciyata ta kwanta a wurin.

Shafi'u ya sosa ƙeya ya ce, "Malam Garba, akwai abu ɗaya game da injin wannan..."

"Dakata. Kunna ta."

Ya kunna. Wani gurnani ya tashi, awakin da ke kwance a inuwa suka watse. Na rufe ido, na ɗaga yatsa. Na ce, "Ka ji? Dizil tsantsa. Ko a cikin barci na ji wannan murya na san ta."

"Ai salansar ce ta..."

"Shafi'u, kai dillali ne, ni masani. Kowa ya tsaya a rumfarsa."

Ya ce, "To, Allah Ya sa albarka." Na shigo da ita layinmu da ɗan man da ke cikinta, ina danna hon tun daga kan kwana. Rannan ko mai shayi bai yi ciniki ba sai da ya saurari laccata.

Wannan kuwa ana gab da Kirsimeti. Mutanen Duvu suna yin watanda kowace shekara: gidaje su haɗa hannu a sayi sa guda, a yanka ranar jajibiri, a kasa naman kashi-kashi kowa ya ɗauki nasa. Bana, karon farko, dattawa suka danƙa wa Zacharia amanar sayo san da kai shi. Tun da aka ba shi aikin bai yi barcin kirki ba, don in san nan bai isa ba, shi da ƙauyensu sai dai gaisuwa daga nesa. Ni kuma dama duk shekara ni suke kira in yi yankan, saboda maƙwabtansu Musulmi su ma su ci. Wuƙata ma a gidan dattijonsu Baba Zira take kwana.

Zacharia ya riga ya shirya da wani makiyayi zai kora san a ƙafa tun ana gobe. Da na ji, raina ya ɓaci sosai.

Na ce, "Baban Beauty, ina da mota a ƙofar gida ka sa san Kirsimeti ya taka ƙasa? Ka ci mutuncina. Sallami makiyayin nan. Da safe mu ɗora shi, kafin Maman Beauty ta gama wanke tukunya muna Duvu."

"Malam Garba, motar nan ka gwada shi a hanya kuwa?"

"Dizil ba a gwada shi. Shi ke gwada hanya."

Ya sallami makiyayi. Baki shi ke yanka wuya, in ji masu magana, amma a ranar wuyan Zacharia bakina ya nufa.

Da safen jajibiri muka je kasuwar shanu. San fari ne, ƙato, mai sanyin hali. Da ƙyar 'yan kasuwa suka tura shi bayan mota suka ɗaure. Da yake babu gilashin baya, hancinsa ya zo daidai ƙeyata, ina jin numfashinsa har cikin riga. A bakin gari na tsaya gidan mai, na wuce layin 'yan fetur ina ɗaga musu hannu, na faka a gaban famfon dizil inda ba kowa. Mai zuba man ya karanta murfi ya zuba. Na ce wa Zacharia, "Ka ga wata ni'imar? Mu manya ba ma bin layi."

Mun ɗan taɓa tafiya kaɗan sai motar ta yi atishawa. Ta sake yi. Sai wani farin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, har ba na ganin hanya a madubi.

Zacharia ya ce, "Malam Garba, hayaƙin nan fa?"

"Gaisuwa ce. Haka dizil ke gaida gari."

Gudu ya fara raguwa. Na taka totur har ƙasa, ita kuwa sai ƙugi take tana jijjiga kamar mai zazzaɓi. Wani keke napep cike da buhunan gawayi ya wuce mu. Mai keken hawa ya wuce mu. Can sai ga wata tsohuwa da ƙwarya, ta jera da mu, ta leƙo ta gaida Zacharia da yarensu, ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, ta yi mana sai an jima, ta wuce gaba.

Shi kuwa sa hayaƙi ya ishe shi. Ya turo kansa gaba ɗaya ta tagar baya don neman iska, ya shaƙa, ya ga hulata, ya ɗauka ya fara tauna. Hular zanna ce, ta Sallah. Na saki sitiyari na kama gefe ɗaya, shi yana ja ina ja, Zacharia ya riƙe sitiyarin yana kiran sunan Yesu, ni ina salati, motar tana tafiya a gicciye. Ƙarshe na bar masa. Ya cinye rabi, ya ajiye mini rabi a kafaɗa da yawu.

Wayar Zacharia ta yi ƙara. Baba Zira ne. "Kuna ina? Mata sun hura wuta tun ɗazu."

Zacharia ya dube ni. Na ce, "Ce masa ga mu nan a bakin mayo." Rafin da ke gab da Duvu ke nan, mu kuwa ko rabin hanya ba mu yi ba.

A wani ƙauye na hango mai sayar da mai a kwalabe, nan take basira ta zo mini. Na ce, "Na gano ciwon! Yunwa ce. Babban inji ba ya son rabin ciki." Na sa aka juye mata duk dizil ɗin da mutumin ke da shi, wanda ya ajiye wa masu injin niƙa. Mutane suka taru suka tura mu, ta kama da wata ƙara kamar an harba bindigar toka, kaji suka tashi sama. Muka gangara. Allah Ya taimake mu hanyar gangare ce, har na fara ce wa Zacharia, "Ka gani ko?" Ban rufe baki ba muka shiga yashin mayo, rafin da ya bushe kafin a hau Duvu. A tsakiyarsa ta yi tari ɗaya mai tsawo ta yi shiru. Na murɗa makulli, na sake murɗawa, ba abin da ke motsi sai bakin sa.

Rana ta take. Zacharia ya sauka ya zauna a kan yashi ya dafe kai. Ya ce, "Shi ke nan. Sunana ya mutu a Duvu." Wallahi ya ba ni tausayi, don ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

Ba a jima ba sai ga jama'a suna gangarowa daga ƙauye, sun gaji da jira sun biyo sawu. Baba Zira a gaba da sandarsa, bayansa Alex ƙanin Zacharia, wanda ke noman rani yana da injin ban ruwa, sannan maza da mata ba iyaka. Ganin taro sai ƙarfina ya dawo. Na ɗora rabin hula a ka, na hau kan dutse.

Na ce, "Jama'a, ku kwantar da hankali. Da motar fetur ce da sai in ce fulogi ne ya jiƙe. Amma wannan dizil ce, ba ta da fulogi ko ɗaya. Ku matso ku ga ikon Allah." Na ɗaga bonet da hannu ɗaya.

Alex ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Baba Garba, waɗannan wayoyi huɗun fa, ina suka tafi?"

"Na fitila ne."

Ya ja ɗaya, ya fito da ita, ya nuna abin da ke ƙasanta. Fulogi ne, fari, a tsaye, yana kallona.

Na ce, "Wannan na ado ne."

Wata mata ta fashe da dariya har ta zauna. Na zaro waya na kira Shafi'u, na sa a sifika da gangan don kowa ya ji yadda zan wanke shi. Na ce, "Kai Shafi'u! Me fulogi ke yi a motar dizil?"

Muryarsa ta fito tar a cikin mayo: "Haba Malam Garba, ai abin da na fara gaya maka ke nan ka ce in tsaya a rumfata. Mai ita ya cire injin dizil ya sa na fetur tun da dizil ya yi tsada. Murfin ne kawai bai goge ba. Gurnanin kuma salansa ce ta fashe. Ba dai dizil ka zuba mata ba?"

Na kashe wayar. Sai dai dariya ba ta da makashi.

Aka sauko da sa don a kora shi a ƙafa. Baba Zira ya shafa wuyansa, ya ji kanta inda karkiya ke zama, ya ce, "A'a, wannan ai san noma ne. Ya san aiki. Kada a bar motar baƙo a rafi, ku kawo igiya." Kafin in ce uffan an ɗaura igiya daga ƙirjin sa zuwa bambar motata. Baba Zira ya yi masa wata 'yar tsawa, samari suka sa kafaɗa a baya, sai ga mu muna tafiya. Ni aka ce in zauna in riƙe sitiyari. Tsakani da Allah, tun safe motar ba ta yi tafiya mai daɗi irin wannan ba.

Haka muka shiga Duvu: sa a gaba, ni a baya da rabin hula. Zumuntar mata suna gwajin waƙar gobe a gaban coci da tulunansu na kiɗa. Da suka hango mu, mai ba da waƙa ta juya ta nan take:

"Ga Garba ya kawo sa,
a'a, sa ne ya kawo Garba!"

Sauran suka amsa, har da guɗa. Na ɗaga musu hannu ta taga, don in ba ka san waƙar yabo da ta zambo ba, gara ka ɗauka yabo ne.

Zacharia ya sami numfashi. Sa ya iso, ko da yake a makare. Aka kai shi gindin tsamiya, aka kayar, aka ɗaure ƙafafu, aka shimfiɗa ganye. Baba Zira ya miƙo mini wuƙata. Na naɗe hannun riga, na durƙusa, na kama maƙogwaro. Sai hannuna ya sauka daidai inda igiyar motata ta goge masa fata. Ya juyo da ido ya dube ni, yana haki, gumin jan da ya yi mini bai ko bushe ba.

Na ajiye wuƙar. Ni da nake yanka tun ban fara gemu ba, sai ga ƙwalla.

Na ce, "Baba, ba zan iya ba. Duk garin nan shi kaɗai ya taimake ni bai yi dariya ba."

Wuri ya kaure. Mata suka ce ruwan zafi ya ƙone a tukunya, maza suka ce wannan wane irin iskanci ne, wani ya ce a kawo wuƙar shi ya yanka, maƙwabtansu Musulmi suka ce to su fa? Zacharia ya durƙusa kusa da ni ya ce: "Malam Garba, don girman Allah. Ka kashe ni a mayo, kada ka binne ni a gida."

Sai Alex ya matso yana murza hannu. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ya ce, "Baba Garba, akwai hanya. Ina da sa a gida, ya kai wannan ƙiba. A yanka nawa, kai ka tafi da abokinka. Ni kuma ka bar mini mushen motar nan, ko kaji na zuba a ciki."

Zacharia ya ja ni gefe da sauri. "Malam Garba, kada ka yarda. Motar nan bai mutu ba. In an zubar da man..."

Na ɗaga masa hannu. Na ce, "Baban Beauty, yau ma za ka koya mini mota? Injin ya buga. Da kunnena na ji lokacin da ransa ya fita. Bari yaron nan ya kwashi wahala." Na juya na kama hannun Alex a gaban Baba Zira da jama'a, na damƙa masa makulli tun kafin ya canza ra'ayi. A raina har ina jin ɗan nauyi na cuci ƙanin maƙwabcina.

Aka kawo san Alex, baƙi, mai faɗa, ba mu taɓa haɗuwa ba balle ya yi mini alheri. Na yi bisimilla na yanka. Aka feɗe, aka kasa, kowane gida ya ɗauki kashinsa. Baba Zira ya dafa kan Zacharia a gaban kowa ya ce baɗi ma shi zai sayo. Zacharia ya yi godiya, sannan ya ƙara da cewa baɗi da makiyayi zai zo.

Da la'asar na kamo hanyar Mubi a ƙafa, ƙullin namana a hannu ɗaya, igiyar sa a ɗaya. Ina tafe ina yi masa bayanin bambancin fetur da dizil, yana saurare ba gardama. Mun wuce mayo ke nan sai na ji wani gurnani a bayanmu. Na rufe ido, na ɗaga yatsa, na ce wa sa, "Tirela ce, ta dizil, tsohuwa." Na buɗe ido. Shuɗiyar akori-kura ce, ba hayaƙi ko na sigari, bayanta cike da matan zumunta za su gari sayen kayan miya.

Alex ya taka birki ya leƙo. "Baba Garba! Tiyo kawai na sa na zuƙe man, na wanke fulogi, na zuba fetur ɗin injin ban ruwa. Dizil ɗin ma mai niƙa ya karɓa. A ɗora muku san ne?"

Na ce, "Mun gode. Muna shan iska ne."

Suka wuce, matan suka ɗauko waƙarsu daga inda suka ajiye ta.

Ana kiran magariba na shigo layinmu. Mai shayi ya tsaya da ludayi a sama, majalisa ta yi tsit. Saude tana ƙofar gida. Ta dubi hanya bayana ko mota na tafe, ta dubi rabin hula, ta dubi ƙafafuna, ta zagaya san tun daga ƙaho har wutsiya. Ba ta yi salati ba, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Shi wannan ɗin, na fetur ne ko na dizil?"

Na ce, "Dusa yake sha."

Ta ce, "To madalla. Akwai katifa biyu da za a kai Lokuwa da safe. Sai ku kwanta da wuri."